Galet ɗin da ya kwana a oben: don Allah ku daina bai wa yara

Tun da gashe-gashen fulawa ya shigo gidajenmu, akwai wani ciwo da ke yawan zuwa mana asibiti da hantsi, ya fi yawa da zafi da kuma washegarin biki. Yara 'yan gida ɗaya, wani lokaci har da uwarsu, kowa na amai, ciki na murɗawa, wasu da gudawa. A tambayi me aka ci, sai a ce ai ba a ci komai a waje ba, abincin gida ne. Sai an matsa da tambaya kafin a tuna da ragowar gashin jiya da aka karya kumallo da shi. A ina ya kwana? A cikin oben. Ko a kula. Ko a kan tebur an kife shi da faranti. Amsar ba ta wuce waɗannan.

Cikin abubuwan da ake ambata mana yanzu har da galet, gashin nan na mutanen Faransa da ake shimfiɗa kwaɓin fulawa, a zuba ganye da cuku a tsakiya, a naɗo gefen, a bar saman a buɗe. Abinci ne mai kyau, kuma ina murna da shi, don yaron da ke tsince kabeji daga cikin shinkafa sai ki ga ya cinye shi a galet bai sani ba. Ba hana ku yi na zo yi ba, uwargida. Abu ɗaya ne ke ɓata mini rai: ɗaukarsa da ake yi kamar abin ajiya, wai don an gasa shi.

Ɓawon ne kawai ya bushe. Abin da ke ciki, ganye ne da cuku da danshi, miya ce a cikin ɓawo. Wace ce a cikinku za ta bar miyar alayyafo ta kwana a tukunya a watan Afrilu, ta zuba wa yaro da safe ba ta ɗumama ba? Babu. To me ya sa ake yi wa galet haka?

Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ba ta da wuya. Ƙwayoyin cuta na hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 zuwa 60 na ma'aunin zafi. Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce. Ki duba zafin Kano ko Sakkwato ko Damagaram daga Maris zuwa Mayu, wanda ke haura 40, ki ƙara da zafin kicin. Oben da aka kashe ba ma'ajiya ba ce, ɗumin da ya rage a cikinta shi ne daidai abin da ƙwayoyin ke so. Kula ma haka, bayan 'yan awoyi ba zafi take riƙewa ba, ɗumi ne. Ita kuwa leda da ake naɗe shi da zafinsa ya yi gumi, ba ma sai na faɗa ba.

Kada kuma a ce mini an shinshina ba ya wari, an ɗanɗana bai yi tsami ba. Abincin da ke kwantar da yara sau da yawa ƙamshinsa lafiya lau. Wasu ƙwayoyin ma guba suke bari a ciki wadda wuta ba ta kashewa, don haka wanda ya kwana a waje ɗumamawa ba za ta gyara shi ba. Zubarwa za a yi. Na san fulawa da bota da cuku sun yi tsada, wallahi na sani. Amma ki kwatanta da kuɗin ƙarin ruwa ga yara biyu.

Rabin matsalar tun daga yadda ake yin sa take farawa. Ana yin ƙato fiye da cikin mutanen gida, kuma ana fitar da shi tsakiyarsa a jiƙe, bai gasu ba. Ga yadda ya kamata, na mutum huɗu zuwa biyar, wanda za a cinye a zama ɗaya.

Fulawa giram 200, bota mai sanyi sosai giram 120, gishiri rabin ƙaramin cokali, ruwan ƙanƙara babban cokali 4 zuwa 5. Ki yayyanka botar ƙanana, ki murje ta cikin fulawar da kan yatsu, ba da tafin hannu ba, har sai ta zama gari-gari da ɗan guntayen bota kamar ƙwayar wake. Waɗannan guntayen su ne ke sa ɓawon ya yi sala-sala yana rugurgujewa a baki. Idan botar ta narke tun a hannu, abin da za ki samu mai tauri ne mai maiƙo. Ki zuba ruwan cokali-cokali, da ya haɗe ki tsaya. Ba kwaɓin burodi ba ne, ba a tuƙa shi, yawan murza ke sa shi jan jiki a wuta. Ki rufe shi a firij minti 30 zuwa awa 1. Idan babu wuta, ki ɗora kwanon a kan ƙanƙara cikin kula, kuma ki yi aikin da sassafe kafin rana ta buɗe.

Ganye kamar giram 400: albasa, tattasai, karas, kabeji, alayyafo, tumatir, duk wanda ya samu. Ki wanke da ruwa mai tsafta, ganye-ganye, ki sake ruwan har sai babu ƙasa a gindin roba, don ba ki san da wane ruwa aka yi ban-ruwan lambun ba. Sannan ki raba su da ruwansu, nan ne aka fi kuskure. Tumatir ki yanka fale-fale, ki barbaɗa gishiri, ki bar shi minti 20 a kwando ya tsane. Alayyafo ki tausasa shi a kasko minti 2 zuwa 3, ya huce, ki matse shi da hannu mai tsafta har ruwan ya daina ɗiga. Albasa da kabeji da karas ki soya su sama-sama da mai cokali ɗaya har su yi laushi. Ki bar komai ya huce kafin ya taɓa kwaɓin, don zafinsa narkar da botar zai yi. Ɗanyen ganye da aka zuba kai tsaye ruwa yake saki a wuta, gefe ya yi ja, gindi ya zauna danƙo, uwargida ta ga launi ta ce ya yi.

Cuku giram 120 zuwa 150. Na kanti mai narkewa, ki goga shi. Idan cukun Fulani ne, wanda ake sayarwa a cikin ruwansa, ki tafasa shi a ruwan gishiri kamar minti 10 ko ki soya, sannan ki marmasa; ba ya narkewa, amma yana daɗi. Duk cukun da ba ki tabbatar an dafa nononsa ba, cikin galet zai shiga kafin gashi, ba a barbaɗa shi a sama bayan an fitar. Masu juna biyu, wannan da ku nake musamman.

Ki murza kwaɓin da kwalba ko katakon murji ya yi faɗin santimita 30, kaurinsa kamar milimita 3. Ki ɗora a tire, ki fara shimfiɗa rabin cukun a ƙasa don ya tare danshi, sannan ganye, kada ya yi tudu, sannan sauran cukun. Ki bar santimita 4 zuwa 5 a gefe, ki naɗo shi ciki kina kalmashewa. Ki shafa ruwan ƙwai a gefen, ragowar ƙwan kuma ki soya shi nan take ko ki zubar, kada ya zauna a kofi yana jiran gashin yamma. Oben ta riga ta yi zafi digiri 200, minti 35 zuwa 40. Masu gasawa a babbar tukunya da yashi ko gishiri a ƙasa, ku bari ta yi zafi minti 10 zuwa 15 tukuna, ku yi ƙanana maimakon babba ɗaya, kuma ku daina buɗe murfi kowane lokaci. Ba launin gefe ake dubawa ba: ki ɗaga shi da cokali mai faɗi ki leƙa gindin, ya yi ja ya bushe, tsakiya kuma na ɓararraka.

Ya sha iska minti 10, a yanka, a ci. A ci, na ce, ba a mayar da shi oben a jira maigida ya dawo daga majalisa ƙarfe goma sha ɗaya ba. Idan kin san zai yi dare, ki ajiye masa nasa kwaɓin da ganyen daban-daban a sanyi, ki gasa idan ya kusa. Masu yi na sayarwa kuwa, da masu aika wa yara da shi makaranta tun bakwai na safe su ci da azahar, ku ji tsoron Allah. Wanda aka gasa jiya da dare, ya kwana a tire, ya wuni a jakar makaranta, me kike tsammani?

Idan ya rage:

- Cikin awa 1 da zafi, awa 2 da sanyin hunturu, ya shiga firij a rufe.
- Firij ɗin da aka ɗauke wa wuta, awa 4 kawai yake riƙe sanyi idan ba a buɗe shi. Bayan nan akwati ne.
- Idan wutar ta zauna, kada ya wuce kwana 3.
- A ɗumama a digiri 180 na minti 10 zuwa 15, har tururi ya fito daga tsakiya. Sau ɗaya tak.
- Babu firij, babu wuta? A ba maƙwabta da almajirai tun da zafinsa, ba bayan ya kwana ba. Abin da ba za ki ba ɗanki ba kada ki ba ɗan wani.

Idan kuma abin ya riga ya faru, kada a fara da maganin tsayar da gudawa ko ragowar kafso na cikin durowa. Ruwa ne yaro ke rasawa. Ki jiƙa ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari na mayar da ruwan jiki, kamar yadda aka rubuta a jikinsa; idan babu, ruwa mai tsafta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kaɗan-kaɗan da cokali. In ya amayar, ki jira minti 10 ki ci gaba a hankali. Mai shan nono ya ci gaba da sha. Ƙwayar zink ga ƙananan yara, miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata 6 ba miligiram 10, kuma a ƙarasa ko gudawar ta tsaya.

Ki ɗauko shi zuwa asibiti ba jira idan idanunsa sun faɗa, ya kasa sha ko duk abin da ya sha sai ya dawo, fitsari ya ɗauke, jikinsa ya saki yana ta barci, akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi ya yi zafi. Jarirai, tsofaffi da masu ciki ba a yi musu bari mu ga zuwa gobe. In kin zo, 'yar'uwa, ki faɗa mana abin da aka ci da inda ya kwana tun tambayar farko, ki kuma taho da duk wanda ya ci tare da shi idan ya fara jin ciki.