Gyaran Wayoyin Cikin Wufar Mota

Wufar mota, ko sabwufa, lasifika ce da aka ƙera domin fitar da kaurin sauti kaɗai, wato amon da ke tsakanin Hz 20 da kimanin Hz 200 (Hz shi ne ma'aunin yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya). Yawanci a but ake girke ta cikin akwatin katako, amfilifaya na ba ta wuta. Masu faɗin inci 8, 10, 12 da 15 aka fi gani. Idan ta ɗauke ko ta fara yankewa, mai mota kan ce ta ƙone, alhali sau da yawa wata 'yar waya ce, wadda ba ta wuce tsawon yatsa ba, ta tsinke a ciki.

Yadda cikinta yake

Tsarin da ake bi har yau shi ne wanda Chester Rice da Edward Kellogg, injiniyoyin kamfanin General Electric na Amurka, suka bayyana a 1925. A gindi akwai maganaɗisu mai nauyi da siririn rami zagayayye a tsakiyarsa. Cikin ramin nan koyil ke rataye, wato siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe a jikin bututu, bututun kuma a liƙe yake da kwalin wufar, wato faifan nan mai siffar mazurari da ake gani a fuskarta. Wuta na shiga koyil, sai ya yi gaba ya yi baya, kwalin ya bi shi yana tura iska. Abu biyu ke riƙe da kwalin: zoben roba ko na soso da ke bakinsa, da wani yadi mai ninki-ninki, galibi rawaya, da ke ƙasa.

Inda wuta ke shigowa a kafe yake jikin firam, wato gangar jikin wufar da ke ɗauke da sauran sassan, koyil kuwa ba ya tsayawa. Idan wufa na buga amon Hz 50, kwalin kan je ya dawo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, sau 180,000 ke nan a awa guda. Wayar gida ba za ta jure wannan lanƙwasa ba. Shi ya sa ake haɗa wuraren biyu da kitsattsiyar waya ta musamman: siraran zaren jan ƙarfe da aka naɗe a kan zaren auduga, leda ko makamancinsu, sannan aka kitse su wuri guda. Wufa mai koyil ɗaya tana da irin wayar guda biyu, mai koyil biyu tana da huɗu. Wasu kamfanoni kan saƙa ta cikin yadin nan mai ninki don kada ta riƙa lilo.

Abin da ke tsinka ta

Ba kasafai take tsinkewa a tsakiya ba. Ta fi karyewa a gindi, ko dai kusa da inda aka liƙa ta da dalma a jikin firam, ko inda ta shiga kwali, domin nan ne lanƙwasa ke taruwa. Cika wa wufa wuta fiye da kima na sa kwali ya yi tsallen da ya wuce iyakarsa, ya finciki wayar. Akwati mai ramin iska ma yakan jawo haka: idan aka buga amon da ya yi ƙasa da wanda aka auna akwatin a kai, iskar ciki ba ta ƙara tare kwalin, sai ya yi ta tsalle ba birki. Wayar da ta yi tsawo kuma takan riƙa marin kwali, a ji "tas-tas" a cikin kiɗa, har zarenta su cinye ɗaya bayan ɗaya. Tsatsa da zafin but suna ƙara saurin lalacewar.

Gano inda matsalar take

Kafin a taɓa wufa, a kashe mota a cire wayoyin amfilifaya, sannan a duba fis da wayoyin cikin akwati, don girgiza kan kwance su daga mazauninsu. In waɗannan lafiya, sai a sa mitar gwada wuta a ma'aunin om, wato ma'aunin turjiyar da wuta ke fuskanta a waya, a gwada wufar. Wufar da aka rubuta mata om 4 takan nuna ƙasa da haka kaɗan, uku da wani abu, kuma wannan ba laifi ba ne. Idan mita ba ta nuna komai ba, hanyar wuta ta yanke. Idan lambar na zuwa tana ɓacewa yayin da ake motsa kitsattsiyar wayar da tsinke, to an kama mai laifi.

Gwajin da ya fi raba gardama shi ne a tsallake wurin da ake zargi, a ɗora bakin mita kan wayar daf da kwali. In lamba ta fito, koyil na da rai. Akwai kuma gwajin hannu: a baza yatsu a kewayen hular tsakiya, wato murfin da ke tsakiyar kwali, a danna a hankali. Lafiyayyen kwali zai nitse ya dawo shiru. Wanda ke gurza, ko ya ƙage, ko yake warin ƙuna, koyil ɗinsa ne ya gasu, sauya waya ba zai tashe shi ba. Wannan sai an sauya koyil da kwali gaba ɗaya, aikin da a ƙananan wufofi kan kusa kai kuɗin sabuwa.

Gyaran kansa

Idan a gindin firam ta tsinke kuma akwai ragowar tsawo, ana goge bakin a sake liƙa shi. Amma ragowar ba ta cika isa ba, kuma wayar da aka ja ta miƙe sambal ba za ta yi ƙarko ba. Sauya ta dungum ya fi. Ana samun irinta a wurin masu gyaran lasifika, ko a ciro daga matacciyar wufa mai girma ɗaya. Wasu masu gyara kan ɗaura wayar rediyo ta gama-gari. Wufa za ta yi magana a ranar, ba musu, amma mai mota zai dawo.

Wurin haɗin da ke jikin kwali shi ne mai wuya. A wasu wufofi yana ƙarƙashin kwalin, a shafe da baƙin gam. A wasu sai an ɗaga hular tsakiya da reza kafin a kai gare shi. Da zarar an ɗaga hula, ramin koyil ya buɗe, maganaɗisu kuwa ba ya barin ɓurɓushin ƙarfe ya wuce, don haka a rufe ramin da tef, a kuma yi aikin nesa da ƙura. Sukundireba ma takan kuɓuce daga hannu ta manne, in ba a yi sa'a ba ta huda kwali.

Ana kankare tsohon gam a hankali har bakin wayar koyil ya bayyana. Siririya ce ƙwarai, in ta gutsure ta koma ciki, aiki ya ɓaci. Sai a shafa wa bakin sabuwar waya dalma tukuna, a haɗa su, a taɓa da ƙarfen liƙi na 'yan daƙiƙu. Dalmar da aka saba amfani da ita, mai kashi 60 na kuza da 40 na darma, tana narkewa a wajen digiri 190 na ma'aunin Salshiyos, zafin da ya isa ya ƙona kwali ko ya narkar da na roba idan hannu ya daɗe.

Babban kuskuren aikin yana nan. Kitsattsiyar waya tana shan narkakkiyar dalma kamar yadda lagwani ke shan kananzir, kuma duk inda dalma ta hau ya sandare. A daidai iyakar sandararren wurin wayar za ta sake karyewa. Maganinsa a kama wayar da filaya kusa da wurin liƙi, filayar ta shanye zafin, dalma ta tsaya nan. Bayan an gama, a rufe haɗin da gam mai ɗan taushi wanda zai riƙe gindin wayar, a bar shi ya bushe sosai kafin a mayar da hula.

Tsawon waya ana gwada shi ne da hannu. A tura kwali sama iyakarsa, a danna shi ƙasa iyakarsa: kada wayar ta miƙe, kada ta taɓa kwali ko yadin ƙasa, kada kuma biyun su haɗu. Ɗan baka ake bar mata. Idan ɗaya ta tsinke saboda gajiya, 'yar'uwarta ma ta sha irin wahalar, gara a sauya su tare.

Mayar da ita akwati

Ana tantance ɓangaren wuta da ƙaramin batir mai bolt 1.5: idan kan batir ya taɓa mashigar wutar da ke da alamar tarawa, gindinsa kuma ya taɓa ɗaya mashigar, kwali waje zai yunƙuro. Wannan na da muhimmanci a wufa mai koyil biyu, don in aka juya ɗaya, koyil ɗin za su yi ta ja-in-ja, sauti ya mutu, zafi ya taru. Koyil biyu masu om 4 kowanne suna ba da om 8 idan aka jera su ɗaya bayan ɗaya, om 2 idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, kuma ba kowace amfilifaya ce ke ɗaukar om 2 ba. Gwajin farko ana yin sa da ƙaramar murya, ana kallon wayoyin suna motsi, kafin a ɗaure kusoshi.