Waiwaye: ciwon da ake ta warkarwa a jikin ɓera amma har yau ya gagara a jikin mutum

Akwai wani ciwo da likitoci ke kira CRPS, mutum zai karye a hannu ko ƙafa, ko a yi mai aiki, ƙashi ya ɗinke ciwo ya warke amma wajen ya ci gaba da zugi kamar an zuba garwashi, ya kumbura, fata ta canza kala, ko riga ce ta goge shi sai ihu. Yafi kama mata, ninki 3 zuwa 4 akan maza, wani bincike a Holan a 2007 ya samu kusan mutum 26 cikin 100,000 duk shekara.

Abun ya daɗe. A 1864 lokacin yaƙin basasar Amurka wani likita Silas Weir Mitchell a Filadelfiya ya rubuta labarin sojojin da harsashi ya taɓa musu jijiya, wasu kullum hannunsu a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma saboda raɗaɗi. A 1900 Paul Sudeck a Hambug ta Jamus ya ga a hoton ƙashi cewa ƙashin wajen zaizayewa yake. Sunan CRPS ɗin ma sai 1994 aka tsayar dashi.

Toh tunda ba a karya mutum dan a gwada magani, sai aka koma kan ɓeraye. A 1988 wasu masu bincike, Bennett da Xie, suka ɗaura zare sako-sako a babbar jijiyar cinyar ɓera, sai gashi yana ɗage ƙafa in an ɗan taɓa. Matsalar itace yawancin masu ciwon nan ba wata babbar jijiya da ta yanke musu, dan haka a 2004 aka fito da wasu hanyoyi biyu da suka fi kama da na mutane. Terence Coderre a jami'ar McGill ta Kanada ya matse ƙafar ɓera da zoben roba na awa 3 jini ya tsaya sannan ya saki, su kuma su Wade Kingery a Kalifoniya suka karya ƙashin ƙwaurin ɓera suka sa mai siminti sati 4, da aka cire sai ga ƙafa da zafi da kumburi ga ƙashi ya zaizaye, sak irin na mutum.

Daga nan aka shiga gwada magunguna, kuma wallahi in kana karanta sakamakon ɓerayen sai ka ɗauka an gama da ciwon. An toshe wani sinadarin jijiya da ake ce ma sabstans P, ɓera ya samu sauƙi, amma magungunan wannan layin da aka kai kan mutane masu ciwo iri-iri basu rage zugi ba, ɗaya daga ciki ma ƙarshe maganin amai ya zama ga masu shan maganin ciwon daji. Ketamin, maganin sa barci a tiyata, an gwada shi a Holan a 2009 a gwajin mutum 60, zugi ya ragu na wasu makonni ya dawo, kuma gaɓar bata ƙara motsi ba. Neridironet, maganin ƙashi, ya yi kyau a gwajin Italiya na 2013 har ƙasar ta amince dashi, amma babban gwajin da aka yi daga baya an tsayar dashi a 2019 saboda ba alamar nasara.

Wanda yafi ɗaukar hankalina shine aikin Andreas Goebel na Libaful da Zsuzsanna Helyes ta Hangare. A 2014 suka ɗebi sinadaran garkuwar jiki daga jinin masu ciwon suka yi ma ɓeraye allura bayan an ɗan yanka musu tafin ƙafa, sai ciwon ɓerayen ya tsananta, kenan jikin mutum da kansa yana da hannu a abun. Wannan ba ƙaramin abu bane ga mutanen da aka daɗe ana ce musu raki ne ko ƙwaƙwalwarsu ce. Amma dai gwajin ƙarin ruwan garkuwar jiki da aka yi ma mutum 111 a Birtaniya, wanda ya fito a 2017, bai fi allurar da ba magani a ciki ba. A 2019 su Helyes suka sake nuna cewa anakinra, maganin sanyin gaɓɓai, yana kwantar da ciwon a ɓera.

Ni a ganina laifin ba na ɓera bane, yadda ake haɗa shi da mutum ne. Ana ba ɓera magani sati kaɗan bayan karaya lokacin ƙafa na da zafi da kumburi, alhali mutumin da ake kawowa gwaji sau da yawa ya shekara da shekaru, gaɓa ta riga ta yi sanyi ta ƙage, ciwon ya koma laka da ƙwaƙwalwa. Ko gwajin Italiya da ya yi kyau ai waɗanda ciwon bai daɗe musu ba aka ɗauka. Sannan shekaru da dama maza zalla ake amfani dasu a ɓerayen, ciwon kuma na mata ne yawanci, sai a 2015 ɗakin binciken Jeffrey Mogil na jami'ar McGill ya nuna a ɓera cewa ƙwayoyin da ke riƙe ciwo a laka sun bambanta tsakanin namiji da mace. Ga kuma awo, ɓera da ɗan siririn zare ake tsikarar tafin ƙafarsa a ga ko zai janye, ba zai gaya maka ya kwana bai runtsa ba.

Abu ɗaya da ɓerayen su Kingery suka nuna ya shafe mu kai tsaye, mu da karayar babur da ɗori ba sa ƙarewa: simintin kaɗai ko ba karaya yana jawo irin alamomin nan, kuma motsa ƙafa bayan an cire yana rage su. In an kwance ɗori ko siminti amma hannu na ta zugi da kumburi ya canza kala, kar a sake naɗe shi a ajiye, a kai shi wajen likitan ƙashi da masu gashi da motsa jiki tun a watannin farko.