Waiwaye: Daga Ɗan Doka Zuwa Ɗan Sintiri, A Ina Tsaron Unguwa Ya Kwance A Kano?

Tun da shugaban ƙasa da gwamnoni suka zauna a watan Fabrairun 2024 suka amince a duba yiwuwar kafa 'yan sandan jihohi, muhawarar ba ta lafa ba. A Kano kuwa ba sai an jira Abuja ta tayar da zancen ba, ƙwacen waya da faɗan daba sun riga sun shigar da shi kowace majalisa. Wani ya ce a ƙaro 'yan sanda da motoci, wani ya ce a ba 'yan sintiri albashi da makami, wani kuma ba ya ganin magani sai hukuncin kisa. A watan Mayun 2023 har majalisar tsaro ta jihar ta ayyana cewa za a riƙa ɗaukar ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Sai dai ana ta magana kamar wayar salula ce ta zo da matsalar, alhali tsarin da ke tsare unguwa ya fara kwancewa tun kafin a haifi iyayen yawancin yaran da ke ƙwacen nan.

Farkon labarin kowa ya san shi. Kafin zuwan Turawa dogarai ne ke kamu da tsaro. A shekarun 1920 aka samar da 'yan gadi, waɗanda daga baya suka zama 'yan doka a ƙarƙashin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarki, sannan a 1930 aka haɗa 'yan sandan Arewa da na Kudu suka zama rundunar Najeriya guda. Ita ma daba ba baƙuwa ba ce. Tushenta na cikin 'yan tauri da 'yan farauta, siyasar shekarun 1950 ta jawo wasunsu ta mai da su 'yan banga, a shekarun 1980 kuma aka sha fama da 'yan ɗaukar amarya.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne shekaru goman da ke tsakanin 1966 da 1976, kuma a ganina nan gizo ke saƙa.

Har zuwa 1966 runduna biyu ke aiki kafaɗa da kafaɗa a Kano. 'Yan sandan tarayya sun fi yawa a wajen ganuwa, wajen Sabon Gari da Bompai da tashar jirgin ƙasa. Cikin birni da gundumomi kuwa na 'yan doka ne, ƙarƙashin Wakilin Doka, muƙamin da marigayi Alhaji Ado Bayero ya riƙe kafin ya tafi jakadanci Senegal a 1962. Bayan juyin mulkin Janairun 1966 sai sojoji suka mayar da 'yan doka ƙarƙashin umarnin Sufeto Janar, aka kuma kafa kwamiti kan 'yan sanda da gidajen yari, wanda ya ba da shawarar a haɗe komai a hannun tarayya. Zuwa farkon shekarun 1970 an kammala. Waɗanda suka cika sharuɗɗa aka shigar da su aikin ɗan sanda, saura aka sallame su. A cikin wannan tsakanin gidajen yarin En'e suka koma hannun tarayya a 1968, kotunan alƙalai suka fita daga hannun En'e suka koma na jiha, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya cire sarakuna da hakimai daga gudanar da mulki kai tsaye.

Ba a yi wannan don son zuciya ba, kuma duk mai son gaskiya dole ya faɗi haka. Tun zamanin hukumar Willink, wadda ta binciki koke-koken ƙananan ƙabilu a 1958, ake kuka a Arewa da Yamma cewa ana amfani da 'yan sandan gargajiya wajen muzguna wa 'yan adawa. Akwai dattawa da har suka koma ga Allah ba su manta ɗaurin da aka yi musu saboda katin jam'iyya ba. Ƙasar da ta shiga yaƙin basasa a 1967 kuma tana da dalilin jin tsoron barin rundunoni a hannun yankuna. Shi ya sa tsarin mulkin 1979 ya rufe ƙofar, na 1999 ma a sashe na 214 ya nanata cewa ba za a kafa wata rundunar 'yan sanda ba bayan ta tarayya.

Abin da aka rasa shi ne sani. Ɗan doka shi kaɗai ba wani ƙarfi gare shi ba, kulki ne kawai a hannunsa. Ƙarfinsa yana cikin mutanen da ke bayansa: mai unguwa, dagaci, hakimi, alƙali. Idan baƙo ya sauka, mai masaukinsa zai kai shi zauren mai unguwa ya ce ga wane, daga gari kaza ya zo, ga abin da ya kawo shi. Idan aka tsinci akuya ko jakar kaya, can ake kai cigiya. Idan aka haura gida da dare, kafin hantsi mai unguwa ya san yaran da ba su kwana a ɗakinsu ba, domin iyayen ɗakin samari suna faɗa masa. Ɗan dokan da za a aiko ɗan garin ne, ya san lungun da ke ɓullewa da wanda ba ya ɓullewa, ya san kawun yaron da ake nema. Sau da yawa ba a ma kai ga kamu, sai a ce wa uban yaro, "Malam, ka kawo shi da kanka gobe da safe," kuma ya kawo shi.

Har littafin haraji yana cikin wannan tsari. Haraji ya gallabi talaka, kuma da aka soke shi a Kano a 1979 murnar da aka yi ta gaskiya ce. Amma littafin nan shi ne kaɗai wurin da ake rubuta sunan kowane baligi gida-gida, ana sabunta shi duk shekara. Da ya tafi, ba a kawo wani abin da zai maye gurbin wannan ƙidaya ba. An cire ruɓaɓɓen azara daga rufin ɗaki, wanda ya kamata a cire, amma ba a sa wani a gurbinsa ba. Mai unguwa ya rage da rawani da mutunci, babu littafi, babu ɗan aike mai iko, babu ko ambatonsa a tsarin mulkin 1999. Shi kuma ɗan sandan da aka turo daga wata jiha mai nisa, ko da ya fi kowa ƙwazo, yana iya shekara bai gane bambancin Yakasai da Zango ba, kafin ya gane an yi masa canjin wurin aiki. Wannan ba laifinsa ba ne, haka tsarin ya ajiye shi.

Ana cikin haka garin ya tumbatsa. Ƙidayar 1952 ta nuna mutanen Kano wajen 130,000 ne. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye sun haura miliyan 2.8. Farin da aka yi a 1973 da kuɗin mai sun kwararo da jama'a daga ƙauyuka, gonakin Ɗorayi da Kurna da Sheka da Rimin Kebe suka zama unguwanni, da yawansu awon igiya, lunguna ƙanana da mota ba ta shiga. Gidan haya ya yawaita, maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai da suka ɗauki iyaye aiki suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yan suka taso babu inda za su. Sai ƙwaya ta shigo, har ta kai ga hana maganin tari mai kodin a 2018. Wayar salula da ta zo a 2001 ba abin da ta ƙara sai kaya mai tsada, mara nauyi, mai saurin shiga kasuwa.

Hankalin jami'an tsaro ma dole ya rabu. Bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012, waɗanda suka fi auka wa ofisoshin 'yan sanda, ta'addanci ne ya zama abin farko, kuma ba wanda zai ga baikensu. Amma matar da aka tsare da ɗanbida a cikin adaidaita sahu aka karɓe mata waya, a wurinta wannan ne babban laifin ƙasa.

An yi ta ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. An kafa kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a tun 1984, Kano na cikin jihohin da aka gwada aikin ɗan sanda na cikin al'umma daga 2004, dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma. Su ma unguwanni ba su zauna ba. Ana karo-karo a biya 'yan sintiri, a sa ƙyaure a bakin layi, a rufe da ƙarfe goma sha biyu. Ina girmama waɗannan bayin Allah da ke kwana a tsaye da tocila da gora a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai dai saninsu na unguwa ba shi da hanyar da zai bi ya zama shari'a. Za su kama yaro su kai caji ofis, wanda aka yi wa ƙwacen ya ƙi zuwa ba da shaida don tsoron ramuwa, dangin yaron su taru a nemi beli, bayan kwana kaɗan a gan shi a bakin layi. Daga nan ne wasu ke yanke ƙauna su koma ɗaukar doka a hannu, kuma an sha rasa ran wanda bai ji ba bai gani ba ta wannan hanya.

Saboda haka idan majalisar tarayya ta gyara sashe na 214 gobe, tambayoyin da suka fi damuna ba na kaki da bindiga ba ne. Wa zai riƙe sunayen mazauna layi, kuma da wane iko? Rahoton mai unguwa zai zama abin da dole a rubuta a bi sawu, ko alfarma ce? Wa zai kare mai shaida? Kuma me zai hana sabuwar rundunar faɗawa cikin zargin da ya ci 'yan doka, wato zama sandar duka a lokacin zaɓe? Masu goyon baya sun fi ambaton saurin kai ɗauki, masu adawa sun fi ambaton tsoron siyasa, kuma har yanzu ban ji ɓangaren da ya zauna ya fayyace matsayin mai unguwa a cikin sabon tsarin ba.