Tallar Fim Ba Taƙaitaccen Labarinsa Ba Ce

Masu kallo da yawa a Katsina da Daura sun daɗe suna ɗauka cewa gajeriyar tallar da ake saki kafin fim ya fito taƙaitaccen labarinsa ce, shi ya sa suke jin an yaudare su idan suka tarar fim ɗin ya sha bamban da ita. Wannan kuskure ne da ke sa a yi wa aikin mutane hukuncin da bai dace ba.

Tun zamanin Aristotle, masanin falsafa na tsohuwar Girka, masana suka bayyana cewa cikakken labari yana da farko da tsakiya da ƙarshe. Talla kuwa takan ɗauko farkon da ɗan ɓangaren rikicin, ta ɓoye warwarar da gangan, domin tambayar da ta bari a zuci ita ce ke jawo mai kallo. Da za a tallata fim a kan Bayajidda, za a nuna rijiyar Kusugu, da macijin da ya hana jama'a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, da baƙo riƙe da takobi cikin dare, sannan a yanke kafin sara.

Ba a bin jerin aukuwar abubuwa ma. Mai tacewa, wato mai yankawa da haɗa hotuna, yakan ɗora maganar wani wuri a kan hoton wani wurin daban. A Amurka, inda aka saba taƙaita talla zuwa minti 2 da rabi, galibi kamfanoni na musamman ne ke haɗa ta tun ba a gama tace fim ba, don haka wani lokaci kiɗanta da wasu fitowar ba sa shiga fim ɗin ko kaɗan.