Waiwaye: Yadda masu zuga 'yan wasa a Amurka suka nemi a ɗauke su 'yan wasa

Ranar 2 ga Nuwamba, 1898, wani ɗalibin Jami'ar Minnesota mai suna Johnny Campbell ya tsaya gaban 'yan kallo ana ƙwallon Amurka, yana ba da baiti suna amsawa don zuga ƙungiyarsu. Daga nan ake ƙirga asalin abin da Amurkawa ke kira ciyalidin, wato zuga 'yan wasa da kirari da tsalle-tsalle a bakin fili. Da farko aikin maza ne. Sai a Yaƙin Duniya na Biyu, da samari suka tafi fagen daga, 'yan mata suka cike gurbin, kuma ba su sake shi ba.

A lokacin babu mai gardama kan ko zuga wasa ne, domin aikinsu bai wuce na maroƙi a filin dambe ba: ya zuga, wani ya yi faɗan. Abin ya fara canjawa bayan 1948, da Lawrence Herkimer ya kafa ƙungiyar horar da masu zuga a Texas. Kafin a kai shekarun 1980 sun samu gasar kansu da ake nunawa a talabijin, ana alkafura, ana hawa kafaɗun juna bene-bene, ana cilla yarinya sama a cafe ta.

Nan ne rigimar ta samo tushe, kuma kuɗi da doka ne a ƙarƙashinta. Sashe na tara na dokar ilimi ta 1972 ya wajabta wa makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su ba mata dama daidai da maza a wasanni. A 2009 Jami'ar Quinnipiac da ke Connecticut ta yi niyyar soke ƙungiyar ƙwallon raga ta mata, ta cike lissafin mata 'yan wasa da masu zuga. 'Yan ƙwallon ragar suka kai ƙara. A 2010 alƙali Stefan Underhill ya yanke cewa gasar zuga ba ta da tsarin da zai sa a ƙirga ta wasa a ƙarƙashin dokar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2012.

Hukuncin ya kare 'yan ƙwallon raga, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya fi damuna shi ne halin da ya bar yara masu zuga. Abin da ba a kira shi wasa ba, sau da yawa ba a tilasta masa ƙwararren mai horarwa, ko gwajin likita, ko shimfiɗar da za ta tare wadda ta faɗo. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kusan kashi biyu cikin uku na munanan raunukan da 'yan matan sakandare ke samu a wasanni daga zuga suke fitowa, ta nemi a ayyana shi wasa. Ƙungiyar likitocin Amurka ta bi sahu a 2014, Kalifoniya kuma ta yi doka a kan haka a 2015.

A waje kuwa tafiyar ta fi sauri. Kwamitin Olamfik na Duniya ya ba ƙungiyar masu zuga ta duniya amincewar wucin gadi a 2016, ya cika ta a 2021. Duk da haka, zuga ba ya cikin wasannin da za a yi a Olamfik na Los Angeles a 2028.