Goyo ko keken jariri: amsar da nake ba masu jego a ranar riga-kafi

A wata ranar riga-kafi, a ƙaramin asibitin da nake aiki, wata mai jego 'yar haihuwar fari ta shigo tare da uwar mijinta, sun zo da gardama daga gida. Maigida yana so ya sayo keken tura jariri irin wanda ya gani a wani kanti, ita kuma Hajiya ta ce asarar kuɗi ne, 'ya'ya tara ta goya da majanyi babu wanda ya sami matsala. Suka ce in raba musu. Na ce to, kafin mu yi maganar keke, ina jaririn yake? Sai mai jegon ta ɗaga hijabi. Yana can a bayanta, ɗan sati uku, an sa masa hula da rigar sanyi, zani ya hau har saman kansa, kan ya langaɓe gaba, gumi ya jiƙe masa wuya. Lafiyarsa ƙalau, alhamdu lillahi. Amma tun daga gida har asibiti babu wanda ya ga fuskarsa ko sau ɗaya.

Daga nan nake fara amsa wa duk wadda ta yi mini wannan tambayar. Ko zani kika zaɓa ko keke, abin da zan tambaye ki shi ne: kina ganin fuskarsa? Haɓarsa a ɗage take ko ta kwanta a ƙirjinsa?

Sabon jariri kansa ya yi wa wuyansa nauyi, ba ya iya riƙe shi sai ya kai wajen wata huɗu. Hanyar numfashinsa kuma siririya ce, kusan kaurin ɗan ƙaramin yatsansa, ga ta da taushi. Idan ya naɗe a cikin zani har haɓa ta danne ƙirji, hanyar tana lanƙwashewa kamar tiyon ban ruwa da aka taka. Idan kuma hancinsa ya manne da bayanki ko da yadi, ba shi da ƙarfin da zai kawar da kai. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, jaririn da numfashi ya yi wa wuya ba ya samun iskar yin kuka. Shiru zai yi, uwa ta ɗauka barci ne mai daɗi. A shekarar 2010 hukumar da ke kula da ingancin kayan masarufi a Amurka ta fitar da gargaɗi kan majanyin zamani, ta ce tana binciken mutuwar jarirai aƙalla 14 cikin shekara 20, kuma 12 daga cikinsu ba su kai wata huɗu ba. Yawancin abin da ya faru ke nan, naɗewa da toshewar hanci. Bakwaini da ƙaramin jariri da mai mura sun fi shiga haɗarin.

Kada wata ta ji wannan ta ce ma'aikaciyar lafiya ta hana goyo. Ni mai son goyo ce, kuma ina da hujja. A shekarar 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani likitan yara mai suna Edgar Rey ya rasa kwalaben da za a sa bakwaini a ciki saboda yawansu, sai ya fara ɗora su a ƙirjin iyayensu mata, fata da fata, a ɗaure da yadi. Shi ne abin da muke kira goyon kangaru a asibiti. An yi wani babban bincike a Najeriya da Ghana da Malawi da Tanzaniya da Indiya, aka fitar da sakamakonsa a 2021: jariran da nauyinsu bai kai kilo 1.8 ba, waɗanda aka fara yi musu wannan goyon nan take bayan haihuwa, mutuwarsu a watan farko ta ragu da kashi 25 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda aka jinkirta musu. A Najeriya a Ile-Ife aka yi, a Ghana kuma a Kumasi. Shekara guda bayan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa fara shi da wuri ga bakwaini da duk jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba, awa 8 zuwa 24 a rana. Jikin uwa yana ɗumama shi, bugun zuciyarta yana kwantar masa da hankali, nono yana kusa, ruwan nonon ma ya fi zuwa. Babu keken da zai yi wannan aikin, komai tsadarsa.

Sai dai ki lura, a ƙirji ake yin wannan goyon. Shi ya sa shawarata ga watannin farko ita ce goyon gaba, da zanin nan naki na atamfa ko wani yadin auduga marar santsi. Ki ɗora shi a tsaye tsakanin nonuwanki, cikinsa a jikinki, kansa a juye gefe ɗaya. Ya hau sama sosai, yadda idan kika sunkuyar da kai leɓenki zai taɓa goshinsa. Ƙafafunsa su buɗe kamar na kwaɗo, gwiwoyi sun ɗan fi ɗuwawu tsawo. Bakin zani ya tsaya a ƙeyarsa, daidai ƙasan kunne, ya tallafi wuya ba tare da ya rufe fuska ba. Ki ɗaure tamau, domin sako-sako ne ke sa jariri ya zame ya naɗe. Sai ki gwada: yatsanki ya shiga tsakanin haɓarsa da ƙirjinsa? Idan kika ɗan ranƙwafa, yana nan manne da ke? To ɗaurin ya yi. Idan ya sha nono a cikin zanin, kada ki bar shi a ƙasa inda ya sha, ki mayar da shi sama ki sake ɗaurewa.

Na san abin da za a ce a gida. Hajiyar da na ba ku labarinta ma ta faɗa: goyon gaba ba namu ba ne, kuma ya za a yi shara da wanki da ɗa a ƙirji? Na ce mata, Hajiya, gaskiyarki, kuma ba na raina goyo tara. Amma mai jego a cikin arba'in ai ba lokacin aikinta ba ne, shi ya sa al'ada ta tanadar mata mai zaman jego. Idan aikin ya zama dole, gara a shimfiɗe shi rigingine a kan shimfiɗa mai ɗan tauri, cikin gidan sauro, inda ido zai riƙa kai masa, da a jefa shi baya a manta. Idan wuya ya yi ƙwari, yana ɗaga kai yana waige-waige da kansa, sai a mayar da shi baya, majanyi ya yi aikinsa. Wannan zaman da ɗan goyo yake yi, ƙafafu a ware sun rungumi ƙugun uwa, likitocin ƙashi suna yaba shi, domin yana zaunar da kan ƙashin cinya a gurbinsa. Abin da suke hanawa shi ne a miƙar da ƙafafun jariri a haɗe su a naɗe tam kamar tabarma.

Goyon baya ma yana da wuraren da nake so a kiyaye, kuma duk na ga abin da suka haifar. Murhu na farko. Uwa ta sunkuya tana hura wuta, hayaƙin itace yana shiga hancin ɗan goyo, ko ta juya da tukunyar ruwan zafi ƙafarsa na lilo a gefe. Sai babur. Ɗan goyo a bayan uwa a kan acaɓa shi ne na ƙarshe a kan babur ɗin, babu abin da ya kare shi, kansa yana kaɗawa da kowane rami. A adaidaita sahu da motar haya kuma ki kwance shi ki riƙe a hannu, kada ki jingina da shi, kuma ki kula da kansa wajen shiga da fita. Sai 'yan raino: yarinya 'yar shekara shida ko bakwai ba ta isa a ɗaura mata sabon jariri ba, za ta yi gudu, za ta yi tsalle, ba kuma za ta gane shirun da ba na lafiya ba.

Hijabi kuwa ina so in daɗe a kansa kaɗan, don shi na fi gani kullum. Ba cewa nake a cire shi ba. Amma a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a garuruwanmu, jariri a ƙarƙashin hijabi mai kauri, ga hula ga rigar sanyi ga zafin jikin uwa, yana cikin wahala ƙwarai. Jikinsa bai iya daidaita zafi kamar na babba ba. Ki rage masa kaya, ki zaɓi hijabi marar nauyi, ki riƙa ɗagawa kina dubawa. Da goyon gaba wannan ya fi sauƙi, leƙawa kawai za ki yi. Ki taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa, idan da gumi ko zafi a sami inuwa a kwance shi a ba shi nono. Nono kawai, ban da ruwa, har wata shida.

To, keke fa? Yana da ranarsa. Matar da aka yi wa tiyata wajen haihuwa, mai ciwon baya, mai tagwaye, ko kakar da ƙarfinta ya ragu, keke zai taimake su. Haka wadda take zaune inda hanya take a shafe. Amma ki dubi layinku tukuna. Idan yashi ne da kwata da ramuka, ko kuma kullum sai kin hau adaidaita, keken zai ƙare a jingine a lungun ɗaki. Idan za a saya, sabo ko na gwanjo, dole ya zama mai shimfiɗuwa sosai yadda jariri zai kwanta miƙe a bayansa. Mai kujera a zaune na ɗan wata shida ne zuwa sama, sabon jariri a ciki kansa zai rinjayo gaba, matsalar nan ta haɓa da ƙirji ta dawo. A duba birki, a duba maɗaurin, a girgiza shi a gani ko zai naɗe da kansa. An fi son wanda jariri yake fuskantar mai turawa. Kada a cusa filo da 'yartsana a ciki, kada a rataya jaka mai nauyi a hannunsa don yana iya kifewa ta baya, kuma ba gadon kwana ba ne.

Kuskuren da aka fi yi da keke shi ne a lulluɓe shi da tawul ko mayafi don kare rana. Masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostireliya sun auna, suka ga busasshen yadi a kan keke yana ƙara zafin cikinsa da kusan digiri 4, ga shi kuma ya ɓoye miki fuskar. Rumfarsa ta isa, gefe ya zauna a buɗe. Akwai kuma hayaƙi. Jariri a keke yana ƙasa-ƙasa, daidai tsawon salansar mota, kuma wani nazari na Jami'ar Surrey ta Ingila a 2018 ya nuna gurɓatacciyar iskar da yake shaƙa a bakin titi tana iya fin ta babba da kashi 60 cikin 100. Mai tura keke ta guji bakin babban titi da tasha da kusa da janareta.

Maigida, kai ma da kai nake. Idan kuɗin ɗaya ne, ni dai zan ce a fara da abincin mai jego, gidan sauro, da kuɗin motar zuwa riga-kafi a sati 6 da 10 da 14. Keke zai iya jira. Kuma ƙirjinka ma yana ɗumama bakwaini kamar na uwarsa, a cikin ɗakinka, lokacin da take wanka ko barci.

Ko a zani yake ko a keke, idan ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi, numfashinsa ya yi sauri ko yana gurnani, leɓensa ya canza launi, ya saki jiki ba ya motsi, ko yana jijjiga, a kwance shi nan take a kawo shi asibiti, ko da tsakar dare ne. Kada a jira gari ya waye.

Mai jegon nan ba ta bar asibiti ba ranar sai da muka kwance goyon muka sake ɗaurawa a gaba. Sau biyu zanin yana zamewa, a na uku Hajiya ta karɓa ta ɗaure mata da kanta, ɗaurin da ya fi nawa ƙarfi. Ke ma ranar awo ko riga-kafi ki zo da zaninki da majanyinki, ki ce wa ma'aikaciyar da kika tarar ta duba miki ɗaurin kafin ki tafi.