Abin da piya-piya ke yi wa jijiya da tsoka

Duk motsin da mutum zai yi da niyya, ɗaga hauya ne ko taka ƙafa, daga ƙwaƙwalwa umarnin yake fitowa. Yakan sauko ta laka, ya bi siraran jijiyoyi masu ɗaukar saƙo, a wasunsu ma gudunsa yakan kai mita 100 cikin daƙiƙa ɗaya. Sai dai jijiyar ba manne take da tsoka ba. Akwai ɗan rata tsakaninsu da ido ba ya gani, kuma saƙo ba ya ƙetare shi sai da ɗan aike. Bakin jijiya yakan saki wani sinadari mai suna asetilkolin, da ya taɓa tsoka sai kalsiyam ɗin da ke ajiye cikinta ya fito, zaruruwan tsokar su ja juna, ta taƙure, hannu ya lanƙwashe. Tun 1921 Otto Loewi ya nuna da zukatan kwaɗi cewa da sinadari jijiya take isar da saƙo, ya kuma samu kyautar Nobel a 1936 tare da Henry Dale.

Ga inda nake so manomanmu su kasa kunne. Da ɗan aiken nan ya isar da saƙo, wani sinadarin, kolinestaras, yakan wargaza shi nan take, don tsoka ta saki ta jira umarni na gaba. Da haka numfashi yake tafiya: a ja, a saki.

Piya-piyar da ake sayarwa a kasuwar Dole ta Damagaram da kasuwannin ƙauye, yawancinta diklorbos ne, wanda za ku ga an rubuta DDVP a jikin kwalba. Aikinsa shi ne ya hana wannan mai wargazawa yin nasa aiki. Da haka yake kashe sauro da ƙwarin wake, kuma bai san bambancin ƙwaro da ɗan Adam ba. Asetilkolin ya taru, saƙo ya ƙi yankewa. Sai ka ga nama yana rawa a ƙarƙashin fata, a cinya ko a fatar ido, miyau na dalala, gumi sharkaf, ga hawaye, ga amai da zawo, baƙin tsakiyar ido ya tsuke ya zama ɗan ɗigo. Daga baya tsokar ta gaji ta daina amsawa. In abin ya kai ga tsokar numfashi, ga majina ta cika ƙirji, rai ne a hannun Allah.

Ba sai an sha ba. Yana shiga ta fata da ta hanci. Mai feshi a garakan Mirriya ko Gidimuni da tsakar rana, ba takalmi, tankin bayansa na ɗiga a rigar da ta jiƙe da gumi, shan guba yake ta bayansa. Iyaye mata kuma, don Allah a daina juye shi a robar ruwa ko ta lemo a ajiye ƙasan gado. Yaro mai rarrafe bai san komai ba. Wake kuwa, buhun PICS yana kashe ƙwari ta hana su iska, babu dalilin zuba masa guba.

In tsautsayi ya faɗa, a fitar da mutum cikin iska, a cire masa tufafi, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, mai wankewar ya sa leda a hannu. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa nono ko mai, don suna iya faɗawa huhu. A kwantar da shi ta gefe ɗaya, a ɗauki kwalbar, a garzaya ƙaramin asibiti (CSI) mafi kusa ko babban asibitin Damagaram. Allurar atirofin tana busar da majinar ta buɗe ƙirji, amma ba ta mayar wa tsoka ƙarfinta, shi ya sa wasu sai an taimaka musu da numfashi. Kuma ko ya farfaɗo yana hira, kada dangi su matsa a sallame shi, domin raunin wuya da na numfashi yana iya bayyana bayan kwana 1 zuwa 4.